SHAHO DA SHIRWA A TSAKAR GIDA: KORA KO KISA?

Cikin tambayoyin da malaman makaranta da akawunan ofis kan aiko mana nan kwalejin horon malamai, akwai wata wadda ba ta wuce shekara ba ta dawo ba, ko da yake ba ta cikin manhaja. Mutum ya sami canjin wurin aiki zuwa birni, an ba shi gida mai ɗan fili, uwargida ta sayi kaji biyu uku don a riƙa samun ƙwai da abin yanka wa baƙo. Kaza ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, yara suna murna. Ran nan da hantsi sai a ji ta ɗauki kururuwa, kafin a fito an sure ɗa guda. Gobe haka, jibi haka. Sai maigida ya rubuto yana tambaya, wace guba ce ta fi saurin kashe shaho, ko kuwa wane irin tarko ne ya fi kama shirwa?

Mun ga ya kyautu mu amsa a wannan shafi don kowa ya amfana. Ba mu raina hasarar ba, gama a gidan mai ƙaramin albashi kaza ita ce asusun mace. Da ita ake sayen littafi da sabulu, da ita ake fita kunyar baƙo. Amma amsar da za mu bayar ita ce, a rufe 'yan tsaki, a gyara gida, a ƙyale tsuntsun da ransa. Ga dalilanmu, mai karatu ya auna da kansa.

WANE NE BAƘON?

Abu na fari shi ne a san wanda ake faɗa da shi, domin jama'a sukan haɗa tsuntsaye iri iri su kira su da suna ɗaya, alhali halinsu ya bambanta ƙwarai.

Wadda aka fi gani a sararin birni ita ce shirwa. Ba ta da wuyar ganewa: jikinta ƙasa-ƙasa ne, bakinta rawaya, wutsiyarta kuwa a tsage take a tsakiya kamar gwafa, tana karkata ta dama da hagu sa'ad da take shawagi, kamar yadda mai kwalekwale ke juya filafili. In ta buɗe fukafukanta sukan kai ƙafa 4 zuwa 5, amma duk da wannan girma na ido nauyinta bai cika kilo 1 ba. Ƙafafunta ba su da ƙarfi irin na gaggafa, saboda haka sana'arta fizge ce: ɗan tsako, ƙadangare, ɓera, fara, hanjin da aka zubar a kwata, ko tsokar nama a hannun yaro. Ba ta iya ɗaga babbar kaza, balle ɗan akuya, balle jariri. Duk labarin da ake bayarwa na shirwa ta ɗauke yaro tatsuniya ce.

Shirwa matafiyiya ce, damina take bi. In ruwa ya sauka takan yi Arewa, in rani ya kama ta gangara Kudu, a can ne mafi yawansu ke yin sheƙa. Shi ya sa a gari guda wani watan za ka ga ta cika sama, wani watan kuwa sai ɗai ɗai. Tana da 'yar'uwa mai baƙin baki wadda ke hayayyafa a Turai, a Sifen da Faransa da Jamus. Ita wannan takan ƙetare mashigin ruwan Jibraltar, mai faɗin kilomita 14, ta zo Afirka ta Yamma ta yi hunturu, sa'an nan ta koma wajen watan Fabrairu da Maris.

Na biyu shi ne ƙaramin shaho mai launin toka, wanda bai fi kurciya girma da yawa ba, ƙirjinsa da zane-zane ja-ja, idon namijin ja wur. Shi ba ya yawan shawagi a fili. Ɓuya yake cikin dalbejiya ko mangwaro, ya yi tsit, in ya hangi abin da yake so ya faɗo kamar kibiya. Abincinsa mafi yawa ƙadangaru ne da ƙananan tsuntsaye da manyan ƙwari. Na uku kuma shi ne babban shaho mai tsinin fiffike, mai baƙin zane a gefen baki kamar gashin baki, wanda masu kiwon tantabara suka fi kowa saninsa. Shi daga can sama yake saukowa, ya buge tsuntsu a cikin iska. Wani ɗan'uwansa ne ya fi kowace dabba sauri a duniya, don in ya tsuke fukafukai ya sauko yakan wuce kilomita 300 a sa'a guda. A dukan waɗannan tsuntsaye macen ta fi namijin girma.

ME YA KAWO SHI?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsuntsu mai farauta ba ya ɓata ƙarfinsa a banza. Inda ya ci jiya, nan zai koma yau. Birni kuwa a wurinsa kasuwa ce mai ci kullum. Ga mahauta, ga juji, ga kwatami cike da ɓeraye, ga bangaye cike da jan gwada, ga tantabaru a kan soraye, ga dogayen itatuwa da sandunan waya na tsayawa a yi leƙe. A daji kuma itatuwan da yake sheƙa a kai, rimi da maɗaci da giginya da ɗorawa, ana ta sare su don itace da gawayi da katako, gonaki suna cin dajin da ya saura. To, ina zai nufa?

Kuma ba a ƙasarmu kaɗai haka ke faruwa ba. A birnin Delhi na Indiya shirwa ta yi yawan da ba a san kamarsa ba a wani birni, saboda juji da mahautai. A Niyok da Landan babban shaho yana sheƙa a kan dogayen benaye da gadoji, yana ciyar da 'ya'yansa da tantabarun titi, mutanen gari kuwa suna alfahari da shi.

In mun duba tsakar gidanmu da idon shaho, me za mu gani? Fili fetal an share tas, babu inda ɗan tsako zai faka; 'yan tsaki farare ko rawaya suna yawo a kan jar ƙasa; uwarsu ɗaya tana fama da goma. Idon shaho ya fi na mutum kaifi nesa ba kusa ba. Wanda ya baza wannan a gabansa ya shimfiɗa masa tabarma ne ya aza akushi, sa'an nan ya dawo yana fushi don baƙo ya ci.

LISSAFIN RIBA DA HASARA

Ku akawuna kun san ba a rufe littafin kuɗi da duba shafi guda. Shafin hasara mun san shi: 'yan tsaki da tantabaru. Amma kafin a ɗora wa shaho dukan laifi, a tuna ba shi kaɗai ke cin 'yan tsaki ba. Akwai hankaka, akwai muzuru, akwai tunku da gafiya da maciji da karen maƙwabta, akwai sanyi da ruwan sama da rijiyar da aka bari a buɗe. Fiye da su duka akwai annobar nan ta kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ta fi tsanani da hunturu: kaza ta yi sanyi, ta saki fukafukai, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Shaho ɗaya ɗaya yake ɗauka a gaban idon kowa, shi ya sa ake jin zafinsa. Cuta kuwa shiru take shara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin maganin rigakafin wannan cuta, har da irin wanda ake ɗigawa a ido. Mutumin da ya sayi harsashi bai sayi wannan ba, ya kori ɓarawon ƙofa ya bar na cikin ɗaki.

Shafin riba kuwa ba a cika duba shi ba, don aikin ba a gaban idonmu ake yinsa ba. Shirwa mai shara ce wadda ba a biya. Mushen ɓera, mataccen ƙadangare, ragowar yanka, duk tana kwashewa kafin su ruɓe su tara ƙuda. Da farkon damina in gara mai fiffike ta tashi, za ka ga shirwa ta taru tana cafkewa a sama. In an sa wa daji wuta takan bi hayaƙi tana kama fara da ɓerayen da ke gudu. Shekarar da fara ta yi yawa, tsuntsaye masu farauta suna cikin rundunar da ke rage ta.

Batun ɓera kuwa ya wuce ɓarnar hatsi. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa na ƙasar Barno, wani irin ɓeran gida da gona ne ke ɗauke da shi, yana zuba shi cikin abinci ta fitsari da kashi. Shaho da shirwa da rana, mujiya da dare, duk maƙiyan ɓera ne. Wanda ya kashe su ya yi wa ɓera gata.

ABIN DA YA SAMI WAƊANSU ƘASASHE

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A 1958 hukumar ƙasar Sin ta umarci jama'a su kashe tsuntsun gwara don yana cin hatsi. Aka fito da ganguna da kwanoni, aka hana tsuntsaye sauka har suka faɗi don gajiya, aka farfasa ƙwai. Da gwara ya ƙare sai ƙwarin da yake ci suka sami sake, suka far wa gonaki, abin ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka tsananta babbar yunwar da ta biyo baya. A 1960 tilas aka janye umarnin.

A Indiya ba da gangan aka yi ba. Wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diklofenak, ashe guba ne ga ungulu in ta ci mushen saniyar da aka yi wa. Daga farkon shekarun 1990 zuwa 'yan shekaru kaɗan, fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, ruwa ya gurɓata, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. An hana ba dabbobi maganin a 2006. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Ingila ma ta ɗanɗana. A zamanin da, jar shirwa ita ce mai share titunan Landan, har ana hana taɓa ta. Daga baya aka juya mata baya da bindiga da guba, sai da ta ƙare ƙaƙaf a Ingila, 'yan kaɗan suka saura a tsaunukan Wales. Daga 1989 sai ga Turawa suna kashe kuɗi suna ɗauko 'ya'yanta daga Sifen da Suwidin suna saki, don su mai da abin da kakanninsu suka hallaka. Yau ta dawo dubbai, amma sai da aka sha wahala.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙidaya tsuntsaye masu farauta. Ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan gaggafa da mikiya sun kusa ƙarewa in ba cikin gandun dajin hukuma ba. A 2024 masana suka haɗa irin wannan ƙidaya ta sassan Afirka daban daban, suka duba iri 42, suka sami 37 sun ragu, kuma raguwar ta fi muni a Afirka ta Yamma. Ungulun nan tamu ta kasuwa, wadda dattawa suka sani tana cika kowace mahauta daga Sakkwato har Yola, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Mai shekara 40 ya tambayi kansa, yaushe rabon da ya ga ungulu a kan rumfar mahauta? Abin da ya ci ungulu ba zai bar shirwa ba in aka ci gaba da sakaci.

SHARRIN GUBA

Cikin dukan dabarun da ake yi, babu mafi muni kamar a barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan nama ko mataccen ɗan tsako a ajiye a kan katanga. Guba ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Shirwa na iya ɗauka ta yar a gidan maƙwabci, kare ko kyanwa su ci, kaji su tsattsage ragowar, a yanka kazar a ci. Yaro mai rarrafe na iya tsinta. In tsuntsun ya mutu a bayan gari, hankaka da ungulu su ci mushensa su bi shi. Haka kuma maganin ɓera: ɓeran da ya ci yakan yi kwanaki yana tangaɗi a fili kafin ya mutu, shaho ya same shi a sauƙaƙe, gubar ta taru a jikinsa. Wanda ya sa maganin ɓera, wajibi ne ya bi ya tsince gawarwakin ya binne da zurfi.

Bindiga a cikin gari kuwa ba sai mun yi dogon bayani ba. Harsashin da aka harba sama a kan wani zai sauko. Danƙon yara ya fi fasa gilashin taga da idon ɗan'uwa a kan samun shaho. Sa'an nan ko an yi sa'a an kashe, ba a yi maganin kome ba. Muddin abincin yana nan a baje, kafin mako ya zagayo wani ya gaji wurin.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, in ji masu iya magana. Watau hatsarin na 'yan makonni ne, daga ƙyanƙyasa zuwa mako 6 ko 8, lokacin da ɗan tsako ya yi gashi ya yi nauyi. Wanda ya tsare wannan tsakani ya gama da mafi yawan wahalar.

Da fari a yi keji mai rufi wanda ake iya ɗagawa. Tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 2 ya ishi kaza da 'ya'yanta. Mai hali ya sa katako da wayar raga. Marar hali ya yi da kara ko gora ko tsohuwar komar masunta, ko ya kifa babban kwando mai sarari. A tabbata ramukan ba su isa ɗan tsako ya fita ba. A rufe gefe guda da zana ko buhu don inuwa da ruwan sama. Kowace safiya a gusar da kejin zuwa sabon wuri, don su sami ƙasa mai tsabta su yi tono. Tun da an hana su yawo, sai a ɗauke musu abinci: dusa, da niƙaƙƙiyar dawa ko masara, da ganyen zogale, da gara in an samu, da ruwa mai tsabta cikin kasko marar zurfi da 'yan tsakuwoyi a ciki don kada su nutse. Wannan kejin zai tsare su daga hankaka da muzuru ma, ba shaho kaɗai ba.

Na biyu, a yi wa tsakar gida mafaka. Kaza tana da kuka iri biyu, ɗaya na abin da ke tafe ta ƙasa, ɗaya na abin da ke sama, 'ya'yanta kuwa sun san bambancin tun suna ƙanana. In ta yi kukan sama sukan ruga su ɓuya, amma fa sai in akwai wurin ɓuya kusa. 'Yar gajeriyar rumfa, ko tarin ƙaya, ko jerin lalle a gindin katanga, ko tsohon gadon kara da aka aza bisa duwatsu, duk suna ceton rai. Zakara mai kula da zabi masu ƙwakwazo su ma 'yan gadi ne, sukan hango kafin mutum ya hango.

Na uku, a tare hanyar sauka. Shirwa tana bukatar sarari ta sauko ta fizga ta tashi ba tare da ta tsaya ba. In aka ja igiyoyi ko zare mai ƙarfi daga katanga zuwa katanga, a gicciye, tsakaninsu kamar ƙafa 2 ko 3, aka rataya tsummoki da tsofaffin faifan CD masu walƙiya, sai ta ji tsoron karya fiffike ta wuce. Mutum-mutumi ma yana aiki, amma a riƙa sauya masa wuri da riga, gama tsuntsun nan yana da wayo, in ya ga abu bai motsa ba kwana uku ya gane ƙarya ce. Waɗansu mata sukan rina 'yan tsaki da shuɗi ko ja don su rikita mai farauta. Dabara ce mai ɗan taimako, amma ba ta kai rufi ba.

Na huɗu, a daina kiransa. In an yi yanka a binne hanji da gashi, kada a watsa a kan juji. Ran Layya da kwanakin da ke biye, a rufe nama, a shanya shi inda akwai rufi. A hana yara jefa wa shirwa nama sama don wasa, domin nan take koyon raina mutum, gobe ta fizge daga hannun ƙaraminsu ta yage shi. A toshe ramukan ɓera, a rufe rumbu da buhunan hatsi.

Na biyar, ga masu tantabara. In babban shaho ya gane gida, a kulle su mako guda ko biyu. Shi ba ya iya zaman jira da yunwa, zai sauya unguwa. In an koma saki, kada a riƙa yi a sa'a ɗaya kullum, kuma a sake su kafin a ba su abinci don su yi saurin dawowa.

In kuwa an gan shi zaune a kan itace yana leƙe, a fito a tafa hannu, a buga kwano, a kaɗa zane. Kora halal ce, ba ta kuma cin ko kwabo.

IN YA YI SHEƘA, KO AN TSINCE SHI DA RAUNI

Wani lokaci shirwa kan yi sheƙa a dogon itacen gida ko na makaranta, ta tara ƙirare da tsummoki da leda. Takan yi ƙwai 2 ko 3, ta kwanta musu wajen wata guda, 'ya'yan kuma su yi mako 6 zuwa 7 kafin su tashi. A wannan lokaci takan kai wa mai wucewa bara ta bayan kai don tsoron 'ya'yanta. Maganin abin haƙuri ne na wata biyu da rabi: a kauce wa gindin itacen, wanda ya zama dole ya bi ya sa malafa ko ya riƙe laima, a kuma gargaɗi yara kada su hau.

In an tsinci shaho ya bugi waya ko gilashi ya faɗi, a lura ƙafarsa ta fi bakinsa hatsari. A jefa masa zane mai kauri a rufe kansa, zai natsu. A kama ƙafafun ta cikin zanen, a sa shi cikin kwali mai ramukan iska a wuri mai duhu da shiru. Kada a ɗura masa ruwa, yana iya shaƙewa. Sau da yawa in buguwa ce kawai, bayan sa'a biyu zai farfaɗo a sake shi. In fiffike ya karye sai a kai wa likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji. Kada a ɗaure shi da igiya a ba yara wasa, kada kuma a sayar wa masu neman sassan jikinsa, gama wannan ciniki yana cikin abubuwan da suka ƙarar da ungulu. Mataccen tsuntsu kuwa kada a taɓa shi da hannu tsirara. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, ya zama wajibi in an ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa a sanar da ofishin dabbobi.

ADDINI DA DOKA

Wani zai ce, ai ya zo a hadisi cewa shirwa tana cikin abubuwa biyar da aka yarda a kashe ko a cikin Harami. Gaskiya ne, ba mu musa ba, kuma fatawa ta malamai ce. Abin da muke tunatarwa shi ne, an ba da wannan izini don kau da cuta, kuma malaman nan su ne suka karantar da mu cewa an zargi wanda ya ƙone gidan tururuwa dukansa saboda cizon guda ɗaya, an kuma hana azabtar da dabba. In kwando ya isa ya kau da cutar, me ya kai mu ga gubar da za ta kashe mai laifi da marar laifi, har ta iya komowa cikin tukunyarmu?

Ta wajen hukuma kuma, Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji tun 1963. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar duniya ta 1973 wadda ta sa wa cinikin tsuntsaye masu farauta linzami tsakanin ƙasashe, ta kuma yi dokarta a kan haka a 1985, aka ƙara mata tsanani a 2016. Ma'aikacin hukuma shi ya fi cancanta ya zama na farkon kiyayewa.

GA MALAMAN MAKARANTA

Ku ne muka fi nufi da wannan bayani, domin hannun da ke riƙe da danƙo yau yana zaune a ajinku. Abin da muke koya wa ɗalibanmu masu shirin zama malamai shi ne, shaho a filin makaranta darasi ne da ya kawo kansa ba a saya ba. A ba 'yan aji littafi guda, su riƙa rubuta ranar da suka fara ganin shirwa a shekara da ranar da ta ragu, su gwada da ranar ruwan fari. Su ƙidaya nawa ke shawagi bisa mahauta kowace Jumma'a a sa'a ɗaya, su zana jadawali. Ga lissafi ya shigo. Su bi hanyar mai baƙin baki a taswira daga Sifen zuwa Mali. Ga labarin ƙasa. Su ƙera keji da kara a darasin aikin hannu, su kai gida wa iyayensu mata. Su tambayi kakanninsu sunayen tsuntsaye da karin maganar da ke kansu, su rubuta kafin su ɓace.

Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, kuma a 2015 aka soma aikin zana taswirar tsuntsayen ƙasar nan, wanda ya dogara ga 'yan sa kai masu rubuta abin da suka gani a garuruwansu. Littafin 'yan aji biyar, in an riƙe shi da gaskiya shekara da shekaru, ilmi ne na sosai.

Yaron da ya yi wata guda yana duban shirwa da fensir a hannu, da wuya ya girma ya aza mata guba. Uwar da ɗanta ya kawo mata keji kuwa, kazarta za ta yaye goma maimakon uku, ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Saboda haka wanda kazarsa ke kwanci yanzu, kada ya jira ranar ƙyanƙyasa. Ya nemi kara da igiya tun yau. Allah ya sa mu gane, ya kuma albarkaci abin da muke kiwo.